Abin da Mai Sha'awar Ɗaukar Hoto Zai Koya Daga Masu Fasaha

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa nakan ji wani daga cikinmu yana cewa, "Da ina da babbar kyamara, da kun ga hoto." Wani ma har ya takura wa mahaifinsa sai an saya masa waya mai tsada, alhali kuwa kuɗin makaranta da ƙyar ake haɗawa. To, ni a ganina wannan kuskure ne, kuma ayyukan wasu masu fasaha na nahiyarmu sun isa shaida.

Bari mu fara da wanda ba ma mai ɗaukar hoto ba ne, wato El Anatsui. An haife shi a ƙasar Gana a shekarar 1944, ya zo Nijeriya a 1975 ya koyar da fasaha a Jami'ar Nsukka shekaru masu yawa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu cike da murafan kwalaben giya da aka yar. Da ni ne, ko kallo ba zai ishe ni ba. Shi kuwa sai ya ɗauka ya ajiye. Daga baya ya shiga daddale murafan nan, ana huda su, ana ɗaure su da wayar jan ƙarfe, dubbai bisa dubbai, shi da mataimakansa, har su zama kamar wani ƙaton mayafi mai walƙiya da zai rufe bango guda. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya. Abin lura a nan shi ne, kayan aikinsa ba daga Turai aka yi odarsu ba, a kan hanyarsa ya same su.

Haka Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948. Hasken rana ya fi dogara da shi, kuma zanen shimfiɗar gadonsa ya fara ratayawa a bayan masu zuwa ɗaukar hoto. Da yake fim yana da tsada, yawanci sau ɗaya yake danna wa mutum. Saboda haka sai ya tsaya ya gyara zaman mutum, da inda hannunsa zai kwanta, kafin ya taɓa kyamara. Mu kuwa yau mukan danna sau hamsin, mu rasa guda na kirki.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne ɗan ƙasarmu, J. D. Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014. Da ƙaramar kyamara irin ta Brownie ya fara a 1950. A 1968 ya ɗauki wani aiki da mutane da yawa za su raina, wato ɗaukar hoton kitson mata. Kitso fa, wanda kowa yake gani kullum a gidansu! Ya ga cewa makitsiya takan ɓata sa'o'i tana aikin gwaninta, amma bayan 'yan makonni a tsefe, shi ke nan ya ɓace. Sai ya bi abin nan shekara da shekaru, har ya tara hotuna kusan dubu. Yawancinsu ta ƙeya ya ɗauka, baƙi da fari, babu komai a bayan matar da zai ɗauke maka hankali, don kitson ne abin kallo. Hoto ɗaya na kitso hoto ne kawai. Amma da suka taru, sai suka zama tarihin kwalliyar matan Nijeriya, har da salon da yanzu ba a yin sa. A 2013 aka nuna su a Banis.

To, mai sha'awar wannan sana'a a makarantar nan, me ya rage masa? Ya zaɓi abu ɗaya da ke kusa da shi, ya lizimce shi zango guda ko shekara. Ga marina, ga maƙera, ga zanen lalle, ga adon bangon tsofaffin gidaje da ake ta rushewa ana sa bulo. Ya riƙa komawa wuri ɗaya da sassafe da kuma bayan la'asar, zai ga yadda haske yake sauya abu, domin ranar tsaka takan sa inuwa mai kauri a ƙarƙashin ido. Ya sami littafi ya rubuta rana da wuri da sunan abin da ya ɗauka, in ba haka ba nan da shekara goma shi kansa ba zai tuna ba.

Iyayenmu kuma, aron waya na awa ɗaya ranar Asabar ya wadatar, ba sai an ci bashi ba. Sai dai a ja wa yaro kunne ya nemi izini kafin ya ɗauki kowa, musamman mata da dattawa, kuma idan ya wanke hoton ya kai wa mai shi guda.