FASHIN BAƘI: Me ya sa zanga-zangar magoya baya ba ta cika raba masu ƙungiyoyin ƙwallo da kujerunsu ba?

Duk wanda ya saba shiga gidan kallon ƙwallo a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san irin tofin Allah-tsine da magoya bayan Manchester United ke yi wa iyalan Glazer ranar da aka lallasa ƙungiyarsu. Tun shekarar 2005 ake wannan ƙorafi, amma har yau ragamar ƙungiyar tana hannun Amurkawan. Shin me zanga-zangar magoya baya take iya sauyawa, kuma a ina ƙarfinta yake ƙarewa?

Tushen rikicin

A shekarar 2005 Malcolm Glazer ya sayi Manchester United a kan kimanin fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance ne, kuma aka ɗora wani kaso mai tsoka na bashin a wuyan ƙungiyar. Wato da kuɗin da 'yan kallo ke biya ake sauke ruwan bashin da aka ci don a saye ta.

Wasu magoya baya sun ɓalle a shekarar, suka kafa FC United of Manchester. Ranar 2 ga Mayu, 2021, dandazon jama'a ya kutsa filin Old Trafford, har aka ɗage wasa da Liverpool. Duk da haka, sai a Fabrairun 2024 attajiri Jim Ratcliffe ya sayi kusan kashi 28 cikin 100 na hannun jari, iyalan Glazer kuma suka ci gaba da riƙe rinjaye.

Inda aka yi nasara

A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyi 12 na Turai sun sanar da kafa gasar Super League. Cikin kwana biyu dukkan ƙungiyoyin Ingila shida suka janye, saboda fushin 'yan kallo ya haɗu da barazanar gwamnatin Birtaniya da ta hukumar UEFA.

A Jamus, cikin Fabrairun 2024, 'yan kallo sun yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili suna tsayar da wasanni, har hukumar gasar ta soke shirin sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin. A can akwai ƙa'idar 50+1, wadda ta bar wa mambobin ƙungiya rinjayen ƙuri'a.

Shi kuwa ficewar Tom Hicks da George Gillett daga Liverpool a 2010, magoya baya sun yi ta bore, amma bashin bankin RBS ne ya tilasta sayar da ƙungiyar.

Darasin a bayyane yake: zanga-zanga tana tasiri ne idan ta samu majingina a doka, banki ko gwamnati. Ita kaɗai, tana iya hana wani shiri, amma da wuya ta ƙwace dukiya daga hannun mai ita. Dalili kuwa, magoyin baya ba ya sauya ƙungiya kamar yadda ake sauya shagon cefane, kuma kuɗin talabijin da na tallace-tallace suna shigowa ko da wasu sun ƙaurace wa fili.

A nan gida, wa za a yi wa zanga-zanga?

A Najeriya lamarin ya sha bamban, domin yawancin ƙungiyoyin gasar Firimiya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars, wadda ta lashe gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gwamnatin Kano ce. Haka Katsina United da Zamfara United, kowace ta gwamnatin jiharta ce. Gwamna ne ke naɗa shugabanni, daga baitulmali kuma ake biyan 'yan wasa.

Sai dai fushin 'yan kallo ba kasafai yake kaiwa ga wannan mamallaki ba. An gaza da jaki, an koma dukan taiki. A Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United bayan hargitsi a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano. Aka ci tarar Pillars Naira miliyan 9, aka zaftare mata maki uku, aka kuma ɗauke wasanninta daga Kano. A ƙarshen kakar, ƙungiyar ta faɗa gasa ta ƙasa. Hukuncin a kan ƙungiya da masoyanta ya sauka, ba a kan waɗanda ke riƙe da lalitarta ba.

Abin da ke hannun magoya baya

Abin lura shi ne, ɗan Kano ko ɗan Zamfara yana da makamin da ɗan Manchester ba shi da shi. Ba a zaɓen iyalan Glazer, amma ana zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha masu amincewa da kasafin wasanni. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanin yadda aka kashe kuɗin jama'a.

Ƙungiyar magoya baya mai rajista tana iya tambaya a rubuce: nawa aka ware wa ƙungiya bana, nawa aka saki? Watanni nawa 'yan wasa ke bin albashi? Ina kuɗin sayar da 'yan wasa suka shiga? Da wane ma'auni aka naɗa shugaba?

Wannan hanya ma tana da iyaka. A yankin da tsaro, lafiya da hanyoyi ke gaban komai, ba ƙwallo ce za ta yanke wa mutum wanda zai zaɓa ba. Amma kuɗin da ake kashewa a kan waɗannan ƙungiyoyi daga asusu ɗaya suke fitowa da na asibiti da makaranta. Matashin da ya iya bin diddigin bashin Manchester United daga benci a gidan kallo, ba zai gaza tambayar inda kuɗin ƙungiyar jiharsa suka maƙale ba.