Daga fagen kokowa zuwa cikin keji: labarin Umar Kan, ɗan kokowar Senegal

A watan Nuwamba na shekarar 2024, a birnin Bankok na ƙasar Tailan, wani ɗan kokowa mutumin Senegal ya karɓi ɗamarar zakaran duniya ta masu nauyi a wasan da ake kira MMA, ƙarƙashin kamfanin ONE Championship. Sunansa Umar Kan (Oumar Kane), amma duk Afirka ta Yamma an fi saninsa da Reug Reug. Labarin ya ratsa ƙasashe ta radiyo da wayar salula, har ya iso karkarar Magariya da Dungas, inda kokowa take gadon gida. A Kwaya da ƙauyukan kewaye, da zarar an ɗaure dammunan gero, sai a share fage, makaɗa su ɗauki ganga, samari su ɗaura walki. Daga irin waɗannan fagage ne jihar Damagaram take tsamo ƙartin da za su tsaya mata ranar neman takobi. Saboda haka ya kamata iyaye da shugabannin wasanni su san ainihin abin da wannan mutum ya shiga, da abin da ya biya kafin ya samu.

Mene ne MMA?

Wasa ne da aka gauraya dambe da kokowa da shuri da maƙura a cikinsa. Mutum biyu ake sakawa cikin keji na waya ko cikin da'irar igiya, kowa da ƴar safar hannu marar kauri. Kowane turmi minti 5 ne. Karon yau da kullum turmi 3 ake yi, na ɗamara kuwa turmi 5. Ana cin nasara idan abokin karo ya suma, ko ya buga hannu alamar ya sallama domin an shaƙe shi ko an murɗe masa gaɓa, ko alƙali ya tsai da wasa don ya ga ba ya iya kare kansa. In duka ba a samu ba, alƙalai uku na gefe su yanke hukunci. A Amurka aka fara babbar gasarsa ta UFC a 1993, kuma an daɗe ana yi masa kallon ta'addanci: Faransa ma ba ta halatta shi ba sai a 2020.

Babban bambancinsa da kokowarmu shi ne wannan: a wajenmu, da zarar baya ko kai ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare, mai kaye ya miƙa hannu ya tada ɗan uwansa, makaɗi ya ɗauki kirari. A cikin keji kuwa, kaye mafarin aiki ne. Wanda ya kayar sai ya hau ruwan ciki ya yi ta duka, wanda aka kayar kuma yana iya kama hannu ko wuya daga nan kwance ya ci nasara.

Yaron Caroy

An haifi Umar Kan a 1992. Mutumin Caroy ne (Thiaroye) ta bakin teku, garin masunta a gefen Dakar. Tsofaffin sojoji sun san sunan wannan yanki, domin a barikinsa ne sojan Faransa suka bindige tirayo ƴan Afirka a watan Disamba na 1944, don sun nemi haƙƙinsu bayan sun dawo daga yaƙin duniya na biyu.

Kokowar Senegal iri biyu ce. Akwai wadda ba a duka, mai kama da tamu, wadda yara suke farawa da ita a unguwa da dare. Akwai kuma mai duka, wadda ake kai naushi da tsurar hannu kafin a rungumi juna, kuma ita ce take tara jama'a da kuɗi. Domin ita aka gina babban filin kokowa na Pikin mai ɗaukar mutum wajen 20.000, wanda aka buɗe a 2018. Umar ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fid da sunansa shi ne ƙarfin ƙugu: yakan sunkuci ƙato ya raba shi da ƙasa, ya maka shi da baya, kamar mai sauke buhu daga amalanke.

A watan Disamba na 2019 wani kamfanin Faransa mai suna ARES ya shirya wasansa na farko a Dakar. Nan Umar ya fara shiga keji, yana da shekara 27, ya kuma ci Sofiane Boukichou. Hotunan yadda yake ɗaga mutumin yana jifa da shi suka zagaya duniya, sai kamfanin ONE na Singafo ya ɗauke shi. A watan Janairu na 2021 ya gama da Alain Ngalani, haifaffen Kamaru, tun a turmin farko: ya kai shi ƙasa, ya danne, ya yi ta naushi har alƙali ya raba.

Ranar da ƙarfi bai isa ba

Wata uku bayan haka aka haɗa shi da Kirill Grishenko na ƙasar Belarus, wanda shi ma a kokowa ya tashi. Wannan karon kaye bai samu da sauƙi ba. Umar ya zuba ƙarfinsa tun da wuri, numfashi ya soma yanke masa. Daidai ƙarshen turmi na biyu naushi ya same shi, ya zube yana nuna maƙogwaronsa, bai iya komawa ba. An yi masa dariya ƙwarai a lokacin, har da mutanen ƙasarsa. Amma wanda ya san kokowa ya gane abin da ya faru. Jikin ɗan kokowa an horar da shi ne domin yunƙuri guda mai tsanani. Minti 10 na tura da naushi da tashi da faɗuwa wani horo ne dabam, kuma mai kilo sama da 100 ya fi kowa jin jiki.

Umar bai yi zuciya ya bar wasan ba. Ya koma ya koyi tsayuwar ɗan dambe, da kare haɓa, da rarraba ƙarfinsa bisa turmi. A 2022 ya ci karo biyu. A watan Agusta na 2023 aka kawo masa Marcus Almeida, wanda ake kira Buchecha, ɗan Birazil da ya sha cin gasar duniya ta jiyu-jitsu, watau kokowar kwance ta maƙura da karya gaɓa, kuma ba a taɓa cinsa a MMA ba. A nan aka ga abin mamaki: ɗan kokowar da ya saba neman kaye, shi ne ya ƙi yarda a tsaya a ƙasa, domin ya san ƙasa gonar abokin karonsa ce. Suka cika turmi uku, alƙalai suka ba Umar.

Sai karon Bankok. Anatoly Malykhin na Rasha yana riƙe da ɗamara uku a ajin nauyi uku, ya yi karo 14 ba a ci shi ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda ya taɓa kai shi ƙarshen lokaci. Umar ya kai shi. Minti 25 cif suka yi, alƙali biyu suka ba ɗan Senegal, ɗaya ya ba ɗan Rasha. Mutumin da turmi biyu suka gagara a 2021 shi ne ya tsaya turmi biyar.

A duk tsawon wannan lokaci bai saki fagen gida ba. A watan Maris na 2023 Sa Thiès ya ci shi a Dakar, a ƙarshen shekarar kuma shi ya ci Bombardier.

Abin da ya sami Bombardier

Sunan Bombardier ya cancanci a tsaya a kansa. Serigne Ousmane Dia, mutumin Mbur, sau biyu yana zama sarkin fagen Senegal: a 2002 da ya kayar da Tyson, da 2014 da ya kayar da Balla Gaye 2. A fagen kokowa ya fi Umar tarihi nesa ba kusa ba. Ya shiga MMA a 2018 bayan ya haura shekara 40, ya ci karo biyu na farko. A watan Oktoba na 2021 aka gayyace shi Folan ya kara da Mariusz Pudzianowski, wanda sau 5 yana cin gasar ƙarfafan duniya. Daƙiƙa 18 aka yi. Naushin dama guda ya kwantar da sarkin fage tun bai kai ga kama ƙugu ba. Ga shi kuwa Bombardier ya shekara ashirin yana shan naushi da bayarwa a kokowa mai duka.

Ina ɗan kokowar Nijar?

Ƴan kokowarmu ba baya ba ne wajen dabara. Tun da aka kafa gasar takobi a Tawa a 1975, zamanin Janar Seyni Kunce, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ci, ƙasa ta ga gwanaye irin su Salma Ɗan Rani da Kadade da Langa-Langa, wanda filin kokowar Damagaram yake ɗauke da sunansa, har zuwa Isaka Isaka na Doso da ya ɗaga takobi sau 6. Jihohi 8 kowace takan kawo mutum 10. Wanda ya fito daga cikin tamanin ɗin nan ba a kayar da shi ba, ya san kama ƙafa da taɗiya da tsare ƙugu yadda ko ina a duniya za a girmama shi. Masana MMA kuma sun yarda kokowa tana cikin tushe mafi kyau, domin mai ita ne yake zaɓen inda za a yi faɗan, a tsaye ko a kwance. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Najeriya, da kokowar makaranta ya fara a Amurka kafin ya karɓi ɗamarar UFC a 2019.

Sai dai kokowarmu ba ta da duka ko kaɗan. Wanda ya kai mari ma hukunci ne ke jiransa. Saurayin Kwaya da ya ga hoton Reug Reug ya ji shi ma zai iya, yana bayan ɗan Senegal da taki guda tun kafin a fara, domin bai taɓa koyon kau da kai daga naushi ba. Dambe kuwa, wanda aka sani a wannan yanki da ƙetaren iyaka wajen Daura da Kazaure, hannu ɗaya ake naɗewa, ɗaya kuma garkuwa ne, kuma shi ma da an kai mutum ƙasa an yi kisa, an gama. Ko an haɗa kokowa da dambe a jikin mutum guda, faɗan kwance yana nan ba a taɓa shi ba, shi kuma sai da malami da tabarmar horo da shekaru.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ya shafi hukuma kai tsaye. Raunin kokowa yawanci targaɗe ne ko gocewar ƙashi, abin da ido yake gani, maɗori ko likita ya gyara. Naushin kai yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illarsa takan ɓoye shekaru kafin ta fito da mantuwa ko rawar jiki. Shi ya sa a ƙasashen da aka tsara wasan ake gwada jinin ɗan wasa da idonsa, wani wurin har a ɗauki hoton kansa, ake ajiye likita da motar asibiti a bakin keji, ake kuma hana wanda ya suma komawa karo sai bayan makonni. Takardar yarjejeniya ita ma da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta ta, tana ɗaure mutum ga kamfani guda na karo da yawa, kuma cikin ladan da aka ambata ne mai horo da dillali suke cire rabonsu. Ɗan kokowar da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba, da yatsa zai dangwala mata hannu, dillalin da ya kawo ta ne kuma zai karanta masa abin da ke ciki.