Wankan Kududdufi da Fitsarin Jini

A garuruwan bakin Sahara, daga Agadas zuwa Damagaram, daga Katsina zuwa Sakkwato, zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. A irin wannan ƙasa, ruwan da zai kai yaro wuya abin marmari ne. Galibinmu a kududdufi muka koyi iyo, ramin da aka haƙa don ɗebar ƙasar gini, damina ta zo ta cika shi. Wasu a tafkin bayan gari suka koya, inda ake shayar da shanu. Yaran Agadas kuwa sai sun jira ruwa ya sauko daga duwatsun Ayar ya cika koramar Telwa.

Ana tashi daga makarantar allo sai a sulale. Wanda bai iya ba ya rungumi gora ko jarka yana ta fatali da ƙafafu a gefe, gwanaye kuma su hau reshen da ya leƙo ruwa su tsunduma, a yi ta gasar wa zai fi daɗewa a nutse. Ba a fitowa sai ido ya yi ja, leɓe yana karkarwa. A gida kuma inna tana da hanyar bincikenta. "Zo nan, ɗan nan," sai ta ja farce a ƙaurinka. In layi ya fito fari fat, ka sha ruwan kududdufi, za ka sha bulala. Masu wayo har man gyaɗa suke shafawa kafin su shiga gida. Har yau ban san wani daɗi da ya kai na jefa jikin da rana ta gasa cikin wannan ruwa mai launin ƙasa ba.

Iyayenmu nutsewa suke tsoro, kuma suna da gaskiya, don kududdufi ya ci 'ya'yan mutane da yawa. Amma akwai wata ɓarnar da ba ta zuwa da kuka. Bayan wata biyu ko uku, yaro zai ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya ke nan. A wurare da dama ana ɗora laifin a kan zafin rana, wasu ma suna ɗaukar ta alamar yaro ya fara zama namiji, saboda kusan duk sa'anninsa suna da ita.

Tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano ta a Alƙahira a 1851, kuma a 1910 an ga ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin da Misirawan dā suka adana. Mai ɗauke da cutar idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wata ƙaramar katantanwa su shige. A cikinta suke hayayyafa, bayan kamar wata guda su fito dubbai, kowace da wutsiya, ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba. Fata suke hudawa su shiga jini. Abin takaici, da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da zafi ke koro yara cikin ruwa. Ko bushewar tafki ba ta gama da su, domin katantanwar tana iya lafewa cikin laka har damina ta dawo.

Tsutsar tana girma ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan da ya fita shi ke tafiya da jini. Wanda ya maƙale a jikin mafitsara shi ya fi illa: yana jawo kumburi da tabo, yana iya toshe hanyar fitsari ya lalata ƙoda, kuma an tabbatar yana cikin abubuwan da ke haddasa sankarar mafitsara. Yaro yana rasa jini, yana kasala a aji, a ce masa malalaci. 'Yan mata masu wanki da ɗebo ruwa su ma suna kamuwa, cutar ta taɓa al'aura da mahaifa, a yi ta yi musu maganin sanyi ba a dace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 250 ne suka buƙaci maganin cutar a 2021, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka, kuma Nijeriya tana sahun gaba.

Madatsun ruwa sun ƙara wa abin tsawon rai. Bayan kammala dam ɗin Diama a kan kogin Senegal a 1986, nau'in cutar mai kama hanji ya ɓarke a garin Richard Toll. Mu ma dam irin na Tiga da Bakolori da magudanan noman rani sun sa akwai ruwa kwance duk shekara, har a tsakiyar bazara.

Magani akwai, kuma mai sauƙi ne. Sunansa praziquantel, ana sha sau ɗaya bayan an ci abinci. A makarantu, sanda ake jingina yaro da ita a auna tsawonsa a san ƙwaya nawa za a ba shi. Kamfanin Merck na Jamus yana bayar da shi kyauta tun 2007. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai. Yaron da ya koma tafki gobe zai sake ɗauka. Ga kuma almajirai da yaran da ba sa zuwa boko, waɗanda rabon makaranta kan tsallake, alhali su suka fi kowa zama a ruwa.

Ni dai ban yarda "kada ku shiga ruwa" shawara ce da za ta yi aiki a ƙasar da inuwa ma zafi gare ta ba. Bulala ba ta hana mu ba. Abin da ke yanke zagayen cutar shi ne masai a kusa, don fitsari ya daina isa tafki, da kuma ruwan wasa wanda babu katantanwa a cikinsa. An gwada haka a garin Adasawase na ƙasar Gana: aka gina wa yara wurin iyo na siminti mai ruwan rijiyar burtsatse da na sama, aka ba su magani, kuma yawan masu sake kamuwa ya ragu sosai. Ginin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.