Ledar Zif da Ƙananan Kayan Gyara: A Taɓa Kafin a Saya

Duk wanda ya taɓa kwance fanka don ya wanke ta a ƙarshen hunturu ya san wannan takaicin. Sukuru huɗu ya cire, uku ya tarar. Na huɗun ya sulale ta hujin baƙar ledar da aka ƙulle su a ciki, ga zafin Maris ya kawo kai, fanka kuwa tana jingine a bango saboda ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba. Haka igiyar caja da iyafis da fiyus da noti ke salwanta a gidajenmu, ko kuma a tarar da su a cukurkuɗe cikin tsohon gwangwanin madara.

Leda mai zif, wadda ake matse bakinta ya rufe, ita ce mafi sauƙin magani. Ba baƙuwa ba ce, tun 1968 kamfanin Dow na Amurka ya fito da samfurin Ziploc, kuma ƙaramarta ce ake zubo mana ƙwayoyi a ciki a kyamis. Sai dai leda suna ta tara. Wadda aka yi don ta kai magani gida daban, wadda za ta shekara tana riƙe da ƙusa daban.

Mazaunin Yola da Jimeta yana da abokan gaba uku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce, mai laushi kamar gari, da ke shiga bakin caja ta hana shi kamawa. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Damina kuma ta zo da laima, musamman a unguwannin da ke kusa da Kogin Binuwai, inda ƙarfe ke tsatsa tun yana cikin durowa.

Wajen zaɓen leda, a fara da kauri. Ana auna shi da maikiron, wasu kamfanoni kuma su rubuta "mil", wato kashi ɗaya cikin dubu na inci, kimanin maikiron 25. Mai mil 2 ta isa ga kebul da iyafis. Sukuru da ƙusa da duk abu mai tsini suna son mil 4, kusan maikiron 100. To amma yawancin ledojin da ake ƙirgo wa mutum a babbar kasuwar Jimeta babu rubutun komai a jikinsu, don haka yatsa ne ma'auni. A murza ta, a tura babban yatsa a jikinta. Idan ta miƙe ta yi fari nan da nan, ta yaji ce, a bar wa masu yaji. A ja gefenta kuma, domin daga ɗinkin gefe mara kyau take fara tsagewa.

A ganina bakin ya ma fi jikin muhimmanci, don shi ke riga mutuwa. Mai layi biyu ta fi mai layi ɗaya riƙo. Mai ɗan maɓallin da ake ja tana da daɗin buɗewa, amma maɓallin kan fita, kuma sau da yawa takan bar 'yar kafa a kusurwa inda ƙura ke bi. Gwajin ba shi da wuya: a bar iska a ciki, a rufe, a danna da tafin hannu. In ta saki iska a gaban mai shago, ba za ta riƙe komai a gida ba. A buɗe a rufe kamar sau goma, mai kaya nagari ba zai ji haushi ba. In an kai gida kuma a riƙa share layin zif ɗin, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi haɗuwa.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi a watan Agusta. Leda abin da aka ba ta take tsarewa, har da danshi. Wanda ya rufe sukuru mai laima ya ajiye wa kansa tsatsa. A shanya kayan su bushe tukuna, sannan a jefa ɗan ƙullin nan mai ƙwayoyi kamar gishiri da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko waya, aikinsa ke nan, shan danshi. A yi nesa da yara da shi, haka ma ledar kanta. Kuma kada a ɗauka zif zai hana ambaliya. Waɗanda suka ga yadda Binuwai ya cika ya batse a 2012 da 2022, bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun san abin da ke ƙasa ba ya tsira. A tara ledojin cikin bokiti mai murfi, a ɗora a sama.

Rana ma tana cin leda, ta busar da ita har ta riƙa karyewa, saboda haka gaban mota da bakin taga ba wurin ajiya ba ne. Robar ɗaure kuɗi kuwa narkewa take yi a zafin nan ta manne a jikin kebul. Gara a naɗe shi sako-sako, a ɗaure da ɗan ƙyalle, kowanne da ledarsa.

Ga masu gyaran waya da kwamfuta, ledar gama-gari ba ta dace da fanel ba. Tana tara irin wutar nan da ke tartsatsi a jikin riga lokacin hunturu, kuma wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ƙananan sassa. Ledar nan mai launin azurfa da sabon fanel ke zuwa a ciki an yi ta ne don haka, kada a yar da ita. Batir kuma kada ya kwana leda ɗaya da ƙarfe, yana iya haɗa wuta ya yi zafi. A manne kansa da salatif a ware shi.

Sai rubutu. Maka takan goge daga jikin leda, don haka a rubuta a 'yar takarda a jefa ciki: "fankar ɗakin Inna, guda huɗu". Mai karatu, in za ka shiga kasuwa, tafi da sukuru ɗaya a aljihu, ka gwada shi a kan leda guda kafin ka biya kuɗin ɗari.