Lilon Zamani: Tsoron da Ake Biyan Kuɗi a Saya

Duk wanda ya taɓa kai yara filin wasa a ranakun yawon Sallah ya ga wannan abin mamaki: yaro yana kan lilo yana ihu a sauke shi, amma da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya fara roƙon a ƙara masa zagaye ɗaya. Manya ma idan suka tuna nasu lokacin, ba daɗi zalla suke tunawa ba. Akwai faɗuwar gaba, akwai hajijiya, wani ma har da amai. To, me ke sa mutum ya biya kuɗi don a tsorata shi?

Sana'ar lilo dai ta daɗe. A 1893, wani injiniya mai suna George Ferris ya kafa ƙaton lilo mai siffar taya a baje kolin duniya na birnin Chicago a Amurka. Tsayinsa ya kai kimanin mita 80, yana ɗauke da ɗakuna 36, kowanne na iya cin mutum 60. A 1955 kuma aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya, inda aka mayar da filin wasa tamkar gari guda.

Amsar waccan tambaya kuwa tana cikin jikinmu. Jirgin lilon nan mai gudu a kan dogo, galibi ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan shi zuwa ƙololuwar tudun farko, wanda ya fi sauran tsayi, daga nan nauyinsa ne ke kai shi har ƙarshen hanya. Yayin gangarowa, mutum da kujerarsa suna faɗowa tare, kayan cikinsa su daina danna juna kamar yadda suka saba, shi ya sa yake jin hanjinsa ya taso sama. Nan take wasu ƙulluttai da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirinalin, zuciya ta hau bugawa, numfashi ya ƙaru. Jiki ya ɗauka halaka ta zo, hankali kuwa ya san akwai bel a ɗaure. Daga wannan saɓani daɗin ke fitowa, musamman idan aka sauka lafiya.

Hajijiya kuwa daga kunne take. A can ciki akwai 'yan bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin kai. Idan lilo ya tsaya, ruwan kan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Ido ya ce an tsaya, kunne ya ce ana tafiya, sai zuciya ta tashi.

Duk wannan nishaɗi ya dogara ne ga sharaɗi ɗaya: tsoron ya zama na wasa. Masu ƙira sun yi nasu ƙoƙarin. Tun 1919 John Miller ya yi rajistar dabarar sanya taya a ƙarƙashin dogo, wadda ke riƙe jirgin kada ya tashi. Sai dai ƙira ba ta maye gurbin kula. A watan Yunin 2015, a filin Alton Towers da ke Ingila, wani tarago marar kowa ya maƙale a kan hanya. Kwamfuta ta tsayar da wasan, amma ma'aikata suka ɗauka kuskure ne, suka sake kunnawa. Taragon da ke ɗauke da mutum 16 ya afka masa, aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. Kotu ta ci kamfanin da ke da filin tarar fam miliyan 5.

Idan haka ta faru inda ake da sufetoci da dokoki masu tsauri, dole hankalin iyaye ya tashi a garuruwanmu, inda wasu injinan kan shafe watanni cikin ƙura da ruwan sama, sai Sallah ta zo a ɗora musu ɗaruruwan yara. Ba hana yara za a yi ba, domin farin cikin nan haƙƙinsu ne. Uba ya jijjiga bel da hannunsa kafin a kunna. A mutunta ƙa'idar tsayin yaro, ko da zai yi kuka. Mai ciki da mai ciwon zuciya su haƙura. Hukumomin jihohi kuma su tura injiniyoyi su duba kowane lilo kafin biki, su liƙa takardar shaida a inda mai sayen tikiti zai gan ta. Wanda ya karɓi kuɗin shiga, amanar ran yaro ya karɓa.