Hanyar C14 Ta Namibiya, Inda Tsakuwa Ke Kayar Da Gwanayen Babur

Daga Walvis Bay, babbar tashar jiragen ruwan Namibiya, zuwa ɗan zangon Solitaire tafiyar kimanin kilomita 230 ce a kan hanyar C14, kuma babu gidan mai ko ɗaya a tsakani. Hanyar ta keta hamadar Namib, ta gangara kwazazzaban kogunan Kuiseb da Gaub, mafi yawanta kuwa tsakuwa ce. Duk da haka masu yawon buɗe ido a kan manyan babura, musamman daga Turai da Afirka ta Kudu, ba sa rabuwa da ita.

Namibiya ta kusa kai Najeriya faɗin ƙasa, amma ƙidayar 2023 ta nuna jama'arta ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba. Ƙasa irin wannan ba za ta iya shimfiɗa kwalta ko'ina ba, sai ta riƙe hanyoyin burji, tana bin su da gireda lokaci zuwa lokaci. Jami'anmu na ma'aikatar ayyuka za su sami abin dubawa a nan. Sai dai kyan hanyar shi ne tarkonta. Faffaɗa ce, miƙaƙƙiya, doka ma ta yarda a yi gudun kilomita 100 a sa'a, don haka baƙo sai ya saki jiki kamar yana kan kwalta.

Abin da zai fara cin karo da shi gargada ce, wadda tayoyin motoci ke haifarwa har doron hanya ya koma kamar kwanon rufi. In mahayi ya tafi a hankali, jijjiga ta kwance masa notina ta gajiyar da shokozoba. In ya murɗa totur, sai babur ya riƙa tsallake kan tudun gargadar, tafiya ta yi daɗi. Amma a lokacin taya ba ta cika taɓa ƙasa ba, birki ba ya kamawa da wuri, kwana kuma ba ta shawuwa yadda aka saba. Ga kuma tsakuwar da motoci ke tarawa kamar kunya tsakanin sawun tayoyi. Wanda ya hau ta ba shiri, kan babur zai fara rawa a hannunsa. A busassun rafuka yashi ne jibge. Nan ne tsoro ke sa mutum ya damƙe birkin gaba, tayar gaba ta nutse, ya tsinci kansa a ƙasa.

Waɗanda suka ƙware suna miƙewa tsaye a kan matakan ƙafa, su sassauta riƙo, su kafa ido can nesa, su ɗan rage iskar taya. In babbar mota ta tayar da ƙura, sukan rage gudu har ta lafa, domin jimina ko gadu na iya ɓullowa daga cikinta.

Akwai kuma batun nauyi, wanda a ganina tallan kamfanoni ya rufe wa mutane ido a kansa. Tun bayan shirin talabijin na Long Way Down a 2007, wanda Ewan McGregor da Charley Boorman suka ratsa Afirka har Cape Town a kan baburan BMW, mutane da yawa suka ɗauka sai da ƙaton babur ake shiga hamada. Samfurin R1250GS Adventure yana da tankin lita 30, alheri ne babba a hanyar da babu mai. Amma nauyinsa ya haura kilo 260 kafin a ɗora kaya, wato ya ninka Boxer ɗin 'yan acaɓa. Wanda ya faɗi da shi a cikin yashi, rana tsaka, shi kaɗai, inda waya ba ta da sabis, zai sha ruwan guzurinsa kafin ya ɗaga shi.

Mai niyyar zuwa ya san cewa a hannun hagu ake tuƙi a Namibiya, kuma ba a barin babura su shiga gandun namun dajin Etosha. Haka ma tuddan rairayin Sossusvlei: a Sesriem ake ajiye babur a ƙarasa da mota.