Littafin soyayya ba takardar likita ba ne

Yau zan taɓo wani abu da da wuya ka shiga gida a nan Jos, ko Unguwar Rogo ce ko Gangare ko Rikkos ko Bukuru, ba ka tarar da mai yin sa ba, wato karatun littattafan soyayya da na yaƙi da aljanu. Iyaye mata sun sha tambayata ko ya dace su ƙwace wayar 'ya'yansu saboda wannan karatu, magidanta kuma na ƙorafin uwargida ta bar tuwo ya ƙone tana bin labari. Amsata ita ce a bar mutane su yi karatu, ni ma makaranciyar littattafan nan ce tun ina sakandare. Abin da nake tsoro shi ne magani da bayanin cuta da ake ɗaukowa daga cikin labari a kawo su jiki, kuma aikina na harhaɗa magunguna yana nuna mini hakan a kai a kai.

Ba yau aka fara ba

Duk mai ganin labarin aljanu baƙon abu ne ya tuna da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934 bayan gasar ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933. Labarin kacokan na neman magani ne, domin jarumin ya bar gida shekara da shekaru yana neman wani ruwa da aka ce zai warkar da ɗan sarki, bai kuma same shi ba sai da taimakon aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga wannan gasa, shi ma har ƙasar aljanu ya kai mu. A ɓangaren soyayya, Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, daga nan kasuwa ta buɗe a Kano. Aka samu su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, sai kuma su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da littattafansu na yaƙi da matsafa.

Daga Kano ake saro mana su zuwa Jos, a ba da haya a shagunan unguwa, littafi ɗaya ya zaga gida biyar kafin ya koma. A gidajen da aka fi karanta Turanci kuwa, Pacesetters da Mills & Boon ne suke yawo. Wanda ya san sanyin Jos na watan Disamba da Janairu, ko ya zauna a gida kwana da kwanaki lokutan dokar hana fita, ya san irin kewar da littafi yake ɗebewa.

Amfaninsu ma ba ɓoyayye ba ne. Mata da yawa da aka cire daga makaranta da wuri, littattafan nan ne suka hana karatun bokonsu gogewa. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat ya ba da labarin yarinyar da aka yi wa auren dole, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Alhaki Kuykuyo Ne ya nuna halin da mace take shiga idan miji ya kore ta da tulin 'ya'ya. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da marubuta mata masu yawa, kuma ba a zama marubuci sai an fara zama makaranci.

An ma gwada hanawa. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata. Karatun bai tsaya ba, sai ma ya koma waya, inda babu mai tacewa. Yau a WhatsApp da Wattpad da Facebook ake karanta su, wasu kuma a saurara a YouTube, wasu sai ka biya kuɗi a sa ka a rukuni.

Talla a tsakiyar labari

A nan ne bambancin jiya da yau yake. Babu wanda ya gama Ruwan Bagaja ya tashi neman inda ake sayar da ruwan, domin Abubakar Imam bai sa lambar waya a ƙarshen shafi ba. Yanzu kuwa za ki karanta yadda aka tsuma amarya da gumba da tsumi da dahuwar kaza har miji ya rasa inda zai sa kansa, kina kai ƙarshen shafin sai ga sunan mai sayarwa da lambar asusun banki. Labarin ya gama tafasa zuciya, talla ta zo ta tarar da ita da zafinta.

Ba duk kayan mata ne ke da illa ba. Dabino da aya da kwakwa da madara abinci ne, idan an haɗa su da tsafta babu laifi, sai dai mai ciwon sukari ta kula. Matsalar tana ga garin da ba a san abin da aka daka a ciki ba. Idon zakara, wanda ake yawan ambata a irin waɗannan haɗe-haɗe, ƙwayarsa tana ɗauke da guba mai ƙarfi idan aka tauna ko aka niƙa ta. Hukumomin kula da magunguna, har da NAFDAC, sun sha yin gargaɗi kan kayan ƙarin kuzari da aka ce na gargajiya ne zalla amma aka ɓoye sinadarin sildenafil a ciki. Idan maigida yana shan maganin ciwon ƙirji na zuciya ya haɗa da wannan, jininsa zai iya faɗuwa warwas.

Sai matsi. Gaban mace yana da ƙwayoyin halitta masu amfani da suke kare shi daga cuta. Cusa alimun ko wani gari ko turare yana kashe su, ya busar da fata, ya bar ƙananan raunuka da suke zama ƙofar shigar cuta. Da yawa daga masu zuwa neman maganin sanyi da ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, idan na bi su a hankali da tambaya, sai in tarar akwai abin da ake cusawa.

Haka siffar jarumar labari, wadda kullum fara ce sol mai cikar ƙira. Yarinya ta dubi madubi ta ga ba haka take ba, sai ta nufi kemis neman sha-ka-fashe. Yawancin ƙwayoyin nan deksametason ne, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da wasu cututtuka na musamman. Ƙibar da yake kawowa ta kumburin fuska da ciki ce, tare da hawan jini da hawan sukari da raunin ƙashi da na garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne, ta ga likita ya rage mata a hankali. Mayukan bilicin kuwa, a 2023 NAFDAC ta ayyana su a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ku kuma sani cewa lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana aikin da aka ce yana yi, balle wanda ya zo a roba babu suna babu lamba.

Ciwon so da aman jini

Kusan duk mai karatu ya san wannan wuri: an hana saurayi budurwa, ya dafe ƙirji ya yi tari, sai ga jini, likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, idan ba a ba shi abin da yake so ba za a rasa shi. A labari yana sa ƙwalla, yana kuma sa iyaye su sauko. A asibiti kuwa, tari da jini alama ce da ake fara zargin tarin fuka da ita, musamman idan tarin ya kai mako 2 tare da rama da gumin dare. Gwaji da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana sha tsawon wata 6. Aman jini kuma yakan fito daga gyambon ciki ko ciwon hanta, kuma na gaggawa ne. Gaskiya ne mummunan tashin hankali yana iya raunana zuciya na ɗan lokaci, likitocin Japan sun bayyana wannan ciwo tun 1990, amma ya fi kama matan da suka manyanta, kuma ba ɗaurin aure ne maganinsa ba.

Akwai kuma yadda ake siffanta daren farko, da jini da suma da ɗinki a asibiti. Wannan ya sa amare da yawa shiga ɗaki da fargaba, ya sa wasu angwaye zargin matansu a banza. Mata da yawa ba sa ganin jini ko kaɗan a wannan dare, kuma halitta ce. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwaji da yake iya tabbatar da budurci. Jini mai yawa ko ciwo mai tsanani rauni ne da yake bukatar asibiti, bai kamata a mayar da shi abin yabo ba.

Aljani ko farfaɗiya?

A littattafan aljanu, duk wadda ta faɗi tana karkarwa ko ta fara sambatu, to aljani ne ya aure ta ko kishiya ce ta yi mata jifa. Ba na jayayya da abin da kowa ya yi imani da shi, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Amma farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa.

Idan wani ya faɗi a gabanku, ku kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, ku sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ku juya shi ya kwanta a gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko mai ko rubutu har sai ya farfaɗo sarai. Idan karkarwar ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Mai ciki ko mai jego kuwa, ko sau ɗaya ta yi, a ɗauka jijjiga ce, a tafi nan take. Haka mai jegon da ta daina barci, take sambatu ko take ƙin jaririnta. Wannan ruɗewa tana samun mace 1 zuwa 2 a cikin haihuwa 1,000, kuma tana warkewa da magani. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, kada a ɓata watanni ana zaga gari kafin a je.

Me ya kamata mu yi a gida?

Uwargida, maimakon ƙwace waya, ki tambayi 'yarki sunan littafin da take karantawa, ki karanta ko da shafi goma ne. Nan za ki gane ko labari ne mai ma'ana ko na batsa, domin akwai su, musamman a rukunonin biyan kuɗi, kuma ba su dace da yara ba. Idan kin hana wani, ki ba ta madadinsa. Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi da tsofaffin littattafan da na ambata har yanzu suna da daɗi. Hira a kan labari ma hanya ce mai sauƙi ta buɗe maganar da kunya take hana uwa da 'ya yi.

A sa wa karatun dare iyaka. Babba yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Ciwon kan da ake ta sha wa farasitamol kullum, sau da yawa na wanda ya kai ƙarfe biyu ne a cikin bargo yana cewa saura shafi ɗaya. Ku tsayar da lokacin da kowa a gidan zai ajiye waya, har da maigida.

Ma'aurata kuma a tuna cewa attajirin saurayin nan mai jirgin sama na kansa, da matar nan da ba ta gajiya ba ta fushi, marubuci ne ya ƙera su. Auna abokin zama da su yana kawo ƙunci a gidan da lafiya lau yake.

'Yan uwana marubuta, kuna da masu sauraro fiye da mu ma'aikatan lafiya. Kafin ku sa wa jaruma ciwo ko ku rubuta sunan magani, ku tambayi likita ko nas ko mai harhaɗa magunguna, ku kuma binciki abin da kuke tallatawa a shafukanku. Mai karatu kuma, duk maganin da ka gani a labari, ka kawo sunansa ko robarsa kantin magani mai rajista a duba maka kafin ka kai baki.